Agogon Suleymenov da ƙorafin Carlsen

Jama'a, har yau abin da ya faru a gasar darar chess ta Qatar Masters a Doha, cikin Oktoban 2023, yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Gasa ce buɗaɗɗiya, wato babba da ƙarami duk ana iya haɗa su a tebur ɗaya. A zagaye na biyu Magnus Carlsen na Norway, na ɗaya a duniya, ya faɗa hannun wani matashi ɗan Kazakhstan, Alisher Suleymenov. Tazarar makinsu ta haura 300. A lissafi, ko canjaras yaron ya samu ya ci riba. Sai ga shi ya yi wa Carlsen dukan kawo wuƙa, ya sadaukar da 'ya'yan dararsa ya rutsa sarkin gwanin.

Ana tashi sai Carlsen ya hau Twitter. Ya amsa cewa an lallasa shi, ya ce ba zargin yaron yake ba, amma wai agogon da ke hannunsa ne ya ɗauke masa hankali. Ya ce ya tambayi alƙalin wasa, aka ce agogo mai kwamfuta ne kawai aka hana.

To, gaskiya ɗaya ce, tsoron maguɗi ba shaci-faɗi ba ne. A 2019 an kama Igors Rausis da waya a bayan gida ana tsakiyar gasa a Strasbourg, FIDE ta dakatar da shi shekara 6. Waya ƙarama yanzu ta fi kowane ɗan Adam iya wasan nan. Don haka sakacin masu shirya gasa abin faɗa ne.

Inda na saɓa da shi shi ne lokacin da ya zaɓa. Mutumin da ya fice daga gasa a 2022 bayan Hans Niemann ya doke shi, har magana ta kai kotu, ya san nauyin bakinsa. Ka ce "ba zarginsa nake ba" sannan ka ambaci agogonsa a gaban duniya? Haba. Ai ka riga ka shafa masa kashin kaji. Mu da muke aikin gwamnati mun san irin wannan: maigida ya rubuta a fayil cewa ba ya tuhumarka, amma a bincika. Shi ke nan, ka shiga bakin mutane.

Yaron nan ya buga wasan rayuwarsa, washegari duniya na zancen agogo. Da Carlsen ya kai kukansa ga shugaban alƙalai a rubuce, ya bar yaron ya sha murnarsa ko na kwana ɗaya ne, me zai rage shi da shi?