Malam, Bayan Fatawa A Ƙara Kalma Ɗaya

Malamanmu na ƙasar Daura, daga birni har Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa. Maganar yau taku ce, ko da ya ke a jikin mata abin ya ke.

Kun sani mace in ta ga jinin da ba ta gane ba, ba likita ta ke fara nema ba. Mijinta ta ke turowa zaure, ko ta aiko wata tsohuwa, a tambayi hukuncin sallarta. Malam ya duba Ahalari ko Risala, ya ce in ya wuce kwana 15 istihala ne, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Amsa ta yi daidai, ba mai ja. Amma fa salla aka gyara, jiki yana nan yadda ya ke.

Jinin da ke zuwa bayan saduwa da miji, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ga wadda ta daɗe da daina al'ada, da ruwa mai wari, duk suna cikin alamun sankarar bakin mahaifa. Ba kullum ita ce ba, amma ba mai rarrabewa sai wanda ya duba. Asalinta wata ƙwayar cuta ce da a ke kira HPV, wadda a ke ɗauka wajen saduwa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi lambar Nobel a 2008. Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, saboda haka masu zargi, da masu cewa sammun kishiya ne, su ji tsoron alhaki.

Ciwon nan ba shi da gaggawa. Ya kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara, kuma a wannan tsakanin gwaji na ɗan lokaci yana tona shi, a kashe shi tun yana ƙarami. In aka bar shi sai ya toshe hanyar fitsari ƙoda ta lalace, ko ya tafi huhu da hanta da ƙashi. Wani lokaci, ko da ya ke ba safai ba, har zuciya ya ke kai. Watau ƙwayoyinsa su ɓalle su bi babbar jijiyar da ke mai da jini daga ƙasan jiki, su sauka a sashen dama na zuciya su yi tsiro a can, ko kuwa ruwa ya taru cikin jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta. Sa'an nan a ga baiwar Allah tana haki, ƙafa ta kumbura, dangi su ce baƙin ciki ne ya sa mata ciwon zuciya. Ashe jinin nan ne da aka yi shiru a kansa tun bara waccan. Wadda abin ya kai wannan matsayi galibi watanni ke rage mata, ko da an sayar da gona an kai ta Shika wajen gashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. A watan Oktoba 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi, allura ɗaya, kyauta, Jihar Katsina kuwa ta shiga a watan Mayu 2024. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, iyayen yaran sai gwaji.

To, abin da na ke roƙo ba shi da wuya. Duk sa'ad da aka kawo muku tambayar jini, in kun gama faɗin hukunci ku ce wa mijin ya kai ta asibiti cikin makon nan, ya nemi ma'aikaciya mace ta duba bakin mahaifa. In ya dawo zaure, ku tambaye shi ko ya kai ta.