Daga intaferon zuwa Keytruda: me sababbin magungunan kansa za su tsinana wa Tamanrasset?

A watan Satumban 2025, hukumar lafiya ta duniya OMS ta sabunta jerin magungunan da take ganin bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Cikin gyaran da ta yi har da faɗaɗa amfani da pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, zuwa wasu nau'o'in kansar huhu, ta hanji da ta bakin mahaifa da suka riga suka bazu a jiki. Tun 2019 maganin yake cikin jerin, amma don kansar fata kaɗai. Matakin ya ɗora wa gwamnatocin Afirka nauyin neman hanyar kai wa talakawansu magani mai tsadar gaske.

Aljeriya na cikin ƙasashen nahiyar ƙalilan da ke da ƙarfin aljihun gwada hakan, domin tun 1974 jinya kyauta ce a asibitocin gwamnati. Sai dai tsakanin babban birnin Alje da Tamanrasset akwai tazarar kusan kilomita 2,000 ta mota. A wannan gari na tsaunukan Ahaggar, inda Abzinawa, Larabawa, Hausawa da sauran baƙi daga Nijar da Mali ke cin kasuwa ɗaya, shigar magani cikin jerin OMS ba ta isa albishir ba tukuna. Tarihin intaferon, kakan waɗannan magunguna, ya nuna dalili.

Abin da intaferon ya koyar

A 1957 ne wasu masu bincike biyu a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suka gano wani sinadari da ƙwayoyin jiki ke fitarwa idan ƙwayar cuta ta shige su, don faɗakar da maƙwabtansu. Shi ne intaferon. An daɗe ana tatso shi kaɗan-kaɗan daga jinin masu ba da gudunmawa, musamman a ƙasar Finland, sai a 1980 aka iya sarrafa shi da yawa a ɗakin bincike. A lokacin jaridun Turai da Amurka sun yi ta yayata cewa an samo maganin kansa.

Sakamakon bai kai yadda aka zuzuta ba, amma bai tashi a banza ba. A 1986 Amurka ta amince da shi don wata kansar jini da ba a cika samu ba, a 1988 don kansar Kaposi da ke kama masu cutar Sida, sannan a 1995 don hana kansar fata dawowa bayan tiyata. Wahalarsa ce ta yi yawa. Mai kansar fata kan yi wata guda ana yi masa ƙarin ruwa kwana biyar a mako, sannan wata 11 yana karɓar allura sau uku a mako, ga zazzaɓi, ga kasala, ga ƙuncin zuciya. Da yawa kan yanke maganin a tsakiya. Da imatinib ya fito a 2001, ƙwaya ce da ake haɗiya a gida, ya ture intaferon daga jinyar wata babbar kansar jini. Haka ma sababbin ƙwayoyin ciwon hanta nau'in C suka yi masa daga 2013. Yau an fi amfani da shi a wasu cututtukan ɓargo, kuma a ƙarshen 2022 Amurka ta amince da wata sabuwar dabara ta sa mafitsara ta riƙa samar da shi da kanta don yaƙar kansar da ke cikinta.

Gadon da ya bari ya fi shi kansa girma. Ya tabbatar da cewa ana iya zaburar da garkuwar jiki ta afka wa kansa. Ya kuma nuna cewa irin wannan magani yana amfanar wanda aka tantance cutarsa daidai, ya jure jinya ta watanni, likita na kusa da shi.

Kwance wa garkuwar jiki dabaibayi

Sababbin magungunan sun bi wata hanya dabam. Garkuwar jiki na da dakarunta, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, kuma suna da dabaibayi na halitta da ke hana su cinye lafiyayyen nama. Kansa kan yi amfani da wannan dabaibayi ta ɗaure su. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2018, su ne suka buɗe hanyar kwance shi. Ipilimumab ya shiga kasuwa a 2011, pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014.

Intaferon bai bar fagen ba. Idan ƙwayoyin T suka iske kansa, wani nau'insa suke fitarwa, wanda ke tona asirin ƙwayoyin kansar ga sauran dakarun. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2016 ya nuna cewa a wasu marasa lafiya da cutar ta dawo musu, kansar ta lalata hanyar da take jin saƙon intaferon ne, maganin ya daina kama ta.

Inda maganin ya karɓi mutum, bambancin a bayyane yake. A da, mai kansar fata da ta bazu ba kasafai yake wuce shekara ba. A wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2024, kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye bayan shekara 10. Amma a yawancin nau'o'in kansa, tsiraru ne ke samun irin wannan amfani. Kansar fata da aka fi gani a baƙar fata, wadda ke fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, ba ta jin maganin kamar wadda rana ke haddasa wa Turawa.

Sharuɗɗan da hamada ke tsananta

Kafin a fara ba da pembrolizumab, sai an yanko ɗan nama daga ƙarin an kai wa ƙwararren likita ya duba, a lokuta da yawa kuma a auna wata alama mai suna PD-L1. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa duk mako uku, ko kuma ninki biyu duk mako shida, har zuwa shekara biyu. Dole a adana shi cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kuma da yake an kwance wa garkuwar jiki dabaibayi, takan juya kan hanji, huhu, hanta ko maƙoshi. Gudawar da za a ɗauka ta ruwan sha ce na iya zama kumburin hanji mai kisa, tarin da za a danganta da ƙura na iya zama kumburin huhu. Ana shawo kansu idan an gane da wuri, aka yi gwajin jini aka ba da maganin da ya dace.

Aljeriya ta zuba kuɗi a wannan fanni. Shirin ƙasa na yaƙi da kansa na 2015 zuwa 2019, wanda Farfesa Messaoud Zitouni ya jagoranci tsarawa, ya ƙara yawan cibiyoyi, kuma a Fabrairun 2024 shugaba Abdelmadjid Tebboune ya ƙaddamar da wani kwamitin ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Adda Bounedjar. Ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta OMS na 2022 ya nuna sama da mutum 60,000 ne ke kamuwa a ƙasar kowace shekara. Amma akasarin cibiyoyin da ƙwararrun suna arewa: Alje, Blida, Oran, Constantine, Sétif, Annaba. Na kudu suna Ouargla, El Oued, Béchar da Adrar, kuma daga Tamanrasset zuwa Adrar tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Likitoci ƙwararru da ake turawa kudu a ƙarƙashin aikin hidimar ƙasa na dole sukan koma arewa idan wa'adinsu ya cika. Magani kyauta ne, amma kuɗin jirgi ko mota, masauki da ɗan rakiya duk mako uku suna wuyan iyali. Makiyayin da ke Abalessa ko Idelès zai sayar da raƙuma nawa kafin shekara biyu ta cika?

Inuwar In Ekker

A Tamanrasset ba a maganar kansa ba tare da an ambaci In Ekker ba, mai nisan kimanin kilomita 150 arewa da garin. A cikin dutsen Taourirt Tan Afella Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 a ƙarƙashin ƙasa daga Nuwamban 1961 zuwa Fabrairun 1966, bayan guda huɗu da ta tayar a sarari a Reggane, farawa daga 13 ga Fabrairun 1960. Ranar 1 ga Mayun 1962, a gwajin da aka laƙaba wa Béryl, toshiyar ramin ta ɓalle, hayaƙi da narkakken dutse masu guba suka fito waje a gaban ministoci biyu na Faransa, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Yarjejeniyar Evian ce ta ba Faransa damar ci gaba da amfani da wuraren bayan 'yancin kai, ta fice a 1967 ta bar tarkace binne cikin rairayi.

Dokar Morin da Faransa ta kafa a Janairun 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya nuna cewa yana yankin a lokacin, kuma yana fama da ɗaya daga cikin nau'o'in kansa 23 da aka lissafa. 'Yan Aljeriyar da suka samu wannan diyya ba su taka kara sun karya ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne takardu: mutumin da ya rasu a ruga ba tare da an taɓa gwada ƙarinsa ba, magadansa ba su da abin da za su gabatar. A Disamban 2025 majalisar wakilan Aljeriya ta amince da dokar da ta ayyana mulkin mallakar Faransa a matsayin laifi, ta kuma sanya gwaje-gwajen nukiliya cikin laifukan.

Kansa ba ta zuwa da tambarin abin da ya jawo ta. Rajistar masu cutar da aka riƙe da kyau shekara da shekaru, irin wadda Sétif ta fara tun shekarun 1980, ita ce ke iya nuna ko wani yanki ya fi wani yawan kansar jini ko ta maƙoshi. Ɗakin gwajin nama da sabon magani ke buƙata, shi ne kuma hujjar neman diyya ke buƙata. Jarin da Alje za ta zuba a nan zai yi aiki biyu.

Waɗanda ba su da takardu

Akwai kuma dubban 'yan Nijar da ke aikin gini, dako, aikatau da ƙananan sana'o'i a unguwanni irin su Tahaggart da Gataa El Oued, da yawansu daga jihohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Agadas. Tun Disamban 2014 Aljeriya ke kwashe baƙi zuwa iyaka, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro zuwa Assamaka a 2024. Mai tsoron kame ba ya zuwa likita sai ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma jinyar da ke tafiya bisa kalandar mako uku ba ta jure a ɗauke mutum dare ɗaya.

A gida ma hanyar doguwa ce. Sai a 2021 Nijar ta buɗe sashenta na farko na gashin kansa a cibiyar CNLC ta Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Daga Assamaka zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000. Ga matan Nijar, kansar mama da ta bakin mahaifa ne kan gaba, kuma ta biyun ana iya kare ta da allurar rigakafi da gwaji mai rahusa tun kafin a kai ga maganar Keytruda.

Kuɗi da abin da ke tafe

A Amurka farashin allura ɗaya ta Keytruda ya haura dala 10,000, wato sama da sefa miliyan 5, kuma kamfanin Merck ya sayar da na kusan dala biliyan 29.5 a 2024. Abubuwa biyu na iya sassauta lamarin. Na farko, babban haƙƙin mallakar maganin zai ƙare a Amurka a 2028, kuma kamfanoni da dama na shirya kwatankwacinsa. Aljeriya, wadda ke sarrafa kaso mai yawa na magungunan da take sha, na da damar shiga wannan kasuwa. Na biyu, likitocin asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya sun nuna a 2022 cewa ƙara miligiram 20 kacal na nivolumab duk mako uku a kan magungunan da aka saba ya ɗaga yawan masu kansar kai da wuya da suka kai shekara guda daga kimanin kashi 16 zuwa 43 cikin 100. Wannan ɗan ƙaramin kaso ne na adadin da ake bayarwa a Turai.

Idan farashi ya faɗi, abin da zai rage shi ne wanda kasuwa ba ta gyarawa: likitan gwajin nama da zai zauna a Tamanrasset, firjin da wuta ba ta yanke masa, ma'aikatan jinya a In Guezzam da Tin Zaouatine da suka san alamun illar maganin, tallafin sufuri ga iyalai, da tabbacin cewa mara lafiya zai shiga asibiti ba tare da fargabar takardu ba. Saura shekaru ƙalilan kafin 2028. Yadda kwamitin Bounedjar zai raba ma'aikata da kasafin kuɗi tsakanin gaɓar teku da Ahaggar a wannan tsakanin shi zai nuna ko mutanen kudu za su ci gajiyar saukin farashin idan ya zo.