Reshat Nuri da malamar ƙauyen Zeyniler

Duk wanda ya ce maka Chalikushu littafin soyayya ne, to farkonsa da ƙarshensa kawai ya karanta. Reshat Nuri Guntekin, ɗan likitan soja da aka haifa a Istanbul a 1889, ya fara tsara labarin ne a matsayin wasan kwaikwayo. Gidan wasan Darulbedayi bai saka shi ba, sai ya mayar da shi ƙagaggen labari, jaridar Vakit ta riƙa buga shi kashi-kashi a 1922, ana tsakiyar yaƙin ƙwatar 'yancin Turkiyya. Ni ina gode wa waɗanda suka ƙi wasan nan, don dandamali ba zai ɗauki abin da ke cikinsa ba.

Feride, jarumar littafin, marainiya ce, ta yi karatu a makarantar Faransawa. Ana jajibirin aurenta da ɗan uwanta Kamran ta ji yana da wata a ɓoye, ta tattara ta bar gida, ta nemi aikin koyarwa. Daga nan littafin ya kankama. Ma'aikatan ilimi suka yi ta wasa da ita, je ki dawo, har aka lallaɓe ta ta karɓi Zeyniler, wani ƙauye a yankin Bursa, aka ce mata aljanna ce. Ta iske makaranta rubabbiya a gefen maƙabarta, yara kuma wasansu shi ne kwaikwayon jana'iza. Can ta ɗauki Munise, yarinyar da gari ya tsangwama saboda laifin uwarta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk garin da aka tura ta, ba talauci ke korar ta ba, bakin mutane ne. Mace kyakkyawa, ba miji, ga albashi a hannu: shi ke nan, an samu na tattaunawa. Ƙarshe dai sai da wani tsohon likita, Hayrullah Bey, ya aure ta auren suna don a bar ta ta sha ruwa. Marubucin ya san ofisoshin ilimin nan ciki da bai, domin shi kansa ya koyar a Bursa, daga baya ya zama sufeton makarantu, ya zagaye Anatoliya.

Ba komai nasa nake yabo ba. A Yeshil Geje na 1928 ya yi wa malaman addini kuɗin goro, har littafin ya fi kama da kamfen ɗin sabuwar gwamnatin Ataturk. Shi ma ƙarshen Chalikushu bai gamsar da ni ba. Bayan rasuwar Munise da duk ƙurar da Feride ta sha, sai a mayar da ita hannun Kamran, wanda bai tsinana komai ba illa karanta kundin rayuwarta da ta rubuta? Masu shirya fina-finan talabijin kuwa, har da na 2013, ɓangaren soyayyar nan suka fi kamawa, don shi ke kawo kasuwa.

Reshat Nuri ya rasu a Landan a 1956, inda ya je neman maganin kansar huhu.