Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Kowace damina sai an yi asarar soraye a Dogon Daji da karkarar Tambuwal da Kebbe, alhali kakanninmu sun san maganin ruwa: makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso na katsi da dafara.

Masanan Turai kuwa kan matse iskar kabon dayoksaid, a zafin da ya haura digiri 31, har ta narkar da kaki ko roba. In aka fesa, iskar ta tashi, ta bar shafen da ruwa ke mirginewa a kansa kamar bisa ganyen gwaza. Amma tsadar injinan ta fi ƙarfin maginin ƙauye.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban kimiyya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su kai makuba ɗakin gwaji, tun tsofaffin magina ba su tafi da saninsu ba.