Giya ba maganin ciwon muƙamuƙi ba ce

Ƴan'uwa, akwai wata magana da ke yawo cikin kasuwanni da tashoshin mota. Wai in muƙamuƙi ya dami mutum da ciwo, ya sha burkutu ko giyar kwalba, sai ciwon ya kwanta. Wannan magana yaudara ce, kuma mai sayar da giya kaɗai ke cin ribarta.

Gaskiya ne giya tana dusashe ciwo na ɗan lokaci, amma ba ta warkar da shi. In ta saki mutum da safe, ciwon yana nan, sau da yawa ma ya fi na jiya. Sai ya koma ya ƙara sha. An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Ka sa yatsa gaban kunnenka, ka buɗe baki. Abin da ka ji yana motsi, shi ne gaɓar muƙamuƙi. Mutane da yawa suna cije haƙora, suna gurza su cikin barci, ba su sani ba. Likitoci sun lura mashaya sun fi yin haka. Dare bayan dare gaɓar tana wahala, haƙora suna cinyewa. Da safe ko tuwo mutum ba ya iya taunawa.

In kuwa ruɓaɓɓen haƙori ne tushen ciwon, giya ba ta hana shi ruɓa. Wasu har suna haɗa ta da ƙwayoyi. Giya da farasitamol suna lalata hanta. Giya da asfirin suna sa ciki zubar da jini.

Ga babbar magana. Tun shekarar 1988 masu binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Liyon na Faransa suka sa giya cikin abubuwan da ke kawo ciwon daji, har da na baki. In an haɗa ta da taba, haɗarin ya ƙaru ƙwarai.

To, me za a yi? A bar giya. A rage taunar goro da busasshen nama. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora wurin. In ciwon ya wuce sati 2, ko miki cikin baki ya ƙi warkewa, ko kumatu sun kumbura, a tafi gidan likita nan da nan. Kuɗin da za ka kai wa mai giya, ka kai su can.

Allah shi ba mu lafiya.