Walkin Kaka da Ankon Bikin Makaranta

A makon jiya ina darasin tarihi da 'yan ajin CM2, sai kalmar "walki" ta faɗo. Na tambaya ko akwai wanda ya san shi. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ba wayar nan ta hannun jandarmomi ba ce?" Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Jikokin manoma da makiyaya ne, a Dakoro, ba su san fatar da kakanninsu suka ɗaura a ƙugu suka yi noma da ita ba.

Ni a filin bale na san walki. Ina yaro a shekarun 1980, zamanin Janar Seyni Kountche, wanda ya mulki Nijar daga 1974 har rasuwarsa a 1987. Shi ya farfaɗo da samariya, kuma a lokacinsa bikin matasa na ƙasa ya yi tashe, ana zagayawa da shi manyan biranen jihohi. Ana gasar waƙa da kiɗa da wasan kwaikwayo da bale. Sai ƙungiya ta yi fice a gida kafin ta je Maradi, sai ta yi fice a Maradi kafin ta tsaya gaban ƙasa.

Kalmar bale daga Faransanci muka aro ta. A Turai rawa ce ta tsayuwa bisa kan yatsun ƙafa. A Afirka ta Yamma kuwa ta sauya kama tun shekarun 1950, lokacin da Keita Fodeba na ƙasar Gine ya yi suna da ƙungiyarsa ta Ballets Africains. A wurinmu bale labari ne da ake bayarwa da rawa da ganga da waƙa, magana kaɗan ce a ciki: ranar farauta, kai amarya, sussuka, ko makiyaya a bakin rijiya.

To, da yake baki ba ya magana sosai, tufafi ne ke yi. Da ka ga mai walki da laya a dantse ka san manomi ne ko maharbi. Mai baƙin rawanin turkuɗi, wanda marinan Kura ta ƙasar Kano suka shahara da yinsa, ka san Buzu ne. Mai gashin jimina a ka da doguwar riga mai ɗinkin zare kala-kala, Bororo ne ya fito gerewol. 'Yan mata kuma ga zanen saƙi rinin baba, ga tsakiya a wuya, ga warwaro a hannu. Yawancin kayan nan arowa ake yi. Na tuna yayata ta yi kwana uku tana lallashin kakarmu kafin ta buɗe mata adaka, kuma ba ta ba ta zanen ba sai da ta faɗa mata wanda ya saƙa shi da bikin da aka fara ɗaura shi. Wannan darasi ne da babu shi a allon kowane aji.

Yau fa? Bikin ƙarshen shekara ya zama kasuwar anko. A zaɓi atamfa ɗaya, a yanka wa iyaye kuɗi, a kai wa tela, a jona waya da lasifika, yara su kwaikwayi rawar da suka gani a TikTok. Uban da bai gama biyan bashin hatsin bazara ba sai ya ci wani bashin don kada ɗiyarsa ta ji kunya, wanda ya kasa kuma ɗansa ya kwana gida yana kuka. Ni ma na sha karɓar kuɗin nan da hannuna, don haka ban wanke kaina ba.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: bale rawa ce, akwai cuɗanyar maza da mata, wasu kayan kuma ba su rufe jiki. Maganarsu tana bisa hanya. Amma mu ne masu shirya wasan. Ana iya ɗaura walki bisa wando, a ɗaura saƙi bisa riga mai dogon hannu da lulluɓi, 'yan mata su yi nasu fage, samari su yi nasu. Wasu kuma za su ce bale na wancan zamani yabon gwamnatin soja ne. An yi hakan, ba musu. Sai dai ba a zubar da hatsi don an ga tsakuwa a ciki. A rairaye a ɗauki na ci.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai da kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyaye ita ce, bana a jingine anko. Kowane aji ya zaɓi labari ɗaya daga ƙasarmu, ko ranar kasuwar dabbobi ko saukar makiyaya kwarin Tarka. Kowane yaro ya aro abu guda a gida, ya rubuto sunansa da harshen gidansu da Faransanci, da wanda ke yinsa, da ranar da ake sa shi. Ɗan Bahaushe ya ji sunan kayan Bafillace, Bafillace ya ji na Buzu. A garin da manomi da makiyayi ke shan ruwan rijiya ɗaya, wannan sanin juna ba ƙaramin abu ba ne.

Iyaye, ku taimake mu da buɗe adaka. Tsofaffin da suka san sunayen kayan nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma asu ba ya jiran kowa. Ni dai na riga na aika Kornaka a aro mini walki, ranar Litinin zan shiga aji da shi.