A ba samarinmu filin tsere, a raba su da kwalta

A ƙasar Arewa yanzu ba a kai amarya sai da rugugin babura. Samari goma ko ashirin su jeru a kan kwalta, wani ya ɗaga ƙafar gaba, wani ya saki hannu biyu, wani ya miƙe tsaye a kan kujera, mata na rangaɗa guɗa, ƙananan yara na bin su da gudu a gefen hanya. Kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp. Kwaltar da ake wannan wasa a kanta kuwa ita ce RN1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi, ta ratsa Ɗan Kassari ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi. Tireloli ne ke bin ta, da bas-bas na matafiya, da tankokin mai. Direban da ya ɗauko tan talatin na siminti ba ya iya tsayawa don ɗan wani ya ga damar yin rawa a gabansa.

In aka yi hatsari, magana biyu ake ji a wurin gaisuwa. Wasu su ce ƙaddara ce. Wasu su ce jandarmomi su kwashe baburan, a zane yaran. Duka biyun sun yi mana sauƙi da yawa, shi ya sa muke son su.

Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma uban da ya miƙa makullin Kasea ga yaro ɗan shekara 13, ba hular kwano, ba wanda ya taɓa nuna masa bambancin birkin gaba da na baya, bai kamata ya fake da ita ba. Da shi da uwar da ta yi guɗa ranar da yaron ya saki hannu, da mu malamai da muka ga ɗalibi ya shigo lakkol da babur muka kau da kai, kowa ya sa hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shekarun ƴan ajinmu ke nan, da ƙannensu da yayyensu.

Masu cewa a hana kawai, su ma ina da tambaya gare su. Yaushe aka taɓa raba saurayi da son gudu? Kakanninmu sun yi sukuwa da dawakai, jikokinsu sun samu doki mai shan fetur. A kore su daga kwalta yau, gobe su koma hanyar daji da dare, inda ba mai ɗaukar wanda ya faɗi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sunan da yaran suka ba wannan abu. Suna ce masa tsere, suna kiran junansu da sunayen zakarun da suke gani a waya. To ai waɗannan zakaru makaranta suka shiga. Lewis Hamilton na Ingila, mai kambun duniya bakwai a tseren Formula 1, yana ɗan shekara 8 ya fara da ƴar ƙaramar motar nan da ake kira kart, a fili mai shinge, ubansa na tsaye a kansa. Alain Prost na Faransa ya bi ta makarantar tuƙin tsere ta Winfield, ya zama zakaran ɗalibanta a 1975, kafin ya ci kambun duniya sau huɗu. A irin waɗannan makarantu ba da totur ake farawa ba. Ana fara koya wa ɗalibi yadda zai zauna, da inda zai sa ido, wato can inda yake son zuwa. Sai birki, a yi ta maimaitawa har ya gundure shi. Sai yadda ake shiga kwana a hankali a fita da ƙarfi, da abin yi idan taya ta zame. Sai tutoci: rawaya a rage gudu ba wuce wani, ja a dakata. Ba ya shiga gasa sai da takardar likita da lasisin hukumar wasan, sai an duba abin hawansa da hularsa, sai motar asibiti na jira a bakin fili. Wanda ya karya doka a kore shi, ko da shi ne kan gaba.

Ɗalibin CM2 ma zai iya lissafin da ke ƙarƙashin wannan tsari. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cinye kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta ba hannu umarni, daƙiƙa guda ta wuce, bai ma taɓa birki ba. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake. Sau nawa muka ba yara lissafin jirgin ƙasan da ya tashi daga wani gari, su da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, muka bar lissafin baburan da ke ajiye a ƙofar aji?

Za a ce mini wannan zancen ƙasashen masu kuɗi ne. Ban yarda ba, don muna da misali a gida. Kokowa ma ana iya karya wuya a cikinta, amma ba mu hana ta ba. Mun yi mata fili, da alƙalai, da dokoki, da likita. Tun 1975 ake gasar takobin ƙasa, jiharmu ta Doso ta ba da Salma Ɗan Rani, ta ba da Issaka Issaka da ya sha ɗaukar takobi. Ba a taɓa jin an yi kokowar takobi a tsakiyar kwalta ba. Me ya sa hankalin da muka yi wa kokowa ya gagare mu a kan babur?

Mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin illar tsere a inda mutane ke zaune. Shekara da shekaru gasar Paris-Dakar, wadda Thierry Sabine ya ƙirƙiro a 1978, tana ratsa Nijar ta Agadas da Tenere. Turawa sun zo da makanikai da jirage masu saukar ungulu, duk da haka motocinsu sun kashe yara a ƙauyukan Afirka ta Yamma. Yanzu gasar ta koma Saudiyya tun 2020, ta bar mana sha'awar ba tare da ilimin ba.

Abin da nake nema bai kai kuɗin rumfar biki guda ba. Magajin gari ya ware fili a bayan gari, nesa da RN1 da burtalin dabbobi. A jera tsofaffin tayoyi a yi kwana-kwana. A shiga ɗaya bayan ɗaya, agogo ne abokin hamayya, wanda ya taɓa taya a ƙara masa daƙiƙa. Haka masu sha'awar wasan ke farawa a ƙasashe da yawa, kuma gudun da ake yi a irin wannan fili ba shi da yawa, gwaninta ce ke ci. Sharaɗi kuwa a tsaurara: hular kwano mai maɗauri, takalmi rufaffe, birki biyu masu aiki da makanike ya duba, takardar izinin tuƙi, da sa hannun uba. Wanda aka gani yana wasa a kwalta ko a ayarin amarya a hana shi fili shekara guda. A gayyato malamin makarantar tuƙi daga Dutsi ya koyar da dokokin hanya, a nemi hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra ta turo wakili, ƴan kabu-kabu da suka daɗe a hanya su yi alƙalanci. Saurayin da bulala ba ta sa shi sayen hula ba, son a kira sunansa a lasifika zai sa shi.

Akwai wanda zai ce in aka buɗe fili an halatta ganganci. Halattawar ai mun gama yin ta ranar da muka fara guɗa. Iyayen amarya da na ango ne ke da ikon cewa ba a raka musu ɗiya da wasan babur, kuma liman na iya faɗar haka tun wurin ɗaurin aure. Ƙungiyar iyayen yara da kwamitin COGES na kowace lakkol su sa maganar yaran da ke zuwa aji a kan babur cikin ajandar taronsu na farko, daraktoci kuma su zo da sunaye da shekarun haihuwa.